Darasin sanin abubuwa: mene ne N, P da K a bisa buhun taki?

Ƴan'uwa manoma, damina na tafe. Mutane da yawa za su sayi takin zamani da kuɗin guminsu. A jikin buhu akwai baƙaƙe da lambobi: N, P, K, 15-15-15. Wanda ya san ma'anarsu ba ya ɓarnar kuɗinsa. Amma kafin mu gane su, sai mu fara sanin da mi aka yi abubuwan duniya.

Ƙwayar da ido ba ya gani

Ku ɗauki dunƙulen gishiri ku daka. Ya zama gari. Ku zuba garin cikin ruwa. Ya ɓace, amma ruwan ya yi ɗanɗanon gishiri. Ke nan gishirin yana nan, ya rabu ne ƙanana ƙanana har ido ya kasa ganin shi.

Masana sun gano kowane abu, ruwa ko iska ko ƙarfe ko jikin mutum, da ƙananan ƙwayoyi aka yi shi. Sunan ƙwayar atom. Don ƙanƙanta, sai an jera miliyoyinsu kafin su kai tsawon milimeta 1.

Kamar baƙaƙe da kalmomi

A ajin yaƙi da jahilci mun koyi baƙaƙe. Ba su da yawa, amma da su ake rubuta kowace kalma. Haka atom yake. Iri 118 aka sani, wajen 90 daga ciki ne ake samu cikin ƙasa da ruwa da iska.

Abin da aka yi da atom iri ɗaya tak, shi ne tsantsan abu. Zinariya tsantsan abu ce. Haka tagulla, haka iraniyom da ake haƙowa a Arlit. Kowane tsantsan abu yana da alamarsa, baƙi ɗaya ko biyu, kuma alamar ɗaya ce a duk duniya.

In atom biyu ko fiye suka kama juna, sun zama ƙulli guda, ana ce mishi molekil. Shi ne kamar kalma. In atom ɗin da suka kama juna iri dabam dabam ne, an samu haɗaɗɗen abu.

Ruwa haɗaɗɗen abu ne: atom 2 na idrojan (H) da atom 1 na oksijan (O). Idrojan iska ce mai kama wuta. Oksijan iska ce mai rura wuta. Amma da suka haɗu sai suka zama ruwa mai kashe wuta. Gishirin Bilma da muke sa wa miya, haɗin sodiyom ne da kulor. Kowanensu shi kaɗai yana da haɗari ga mutum. A haɗe kuwa abinci ne.

Haɗin nan ba irin na gero da wake cikin ƙwarya ba ne, wanda mace za ta iya tsincewa da hannu. Sabon abu ne, mai sabon hali.

Abincin shuka

Shuka tana bukatar tsantsan abubuwa da yawa. Uku ne ta fi nema daga ƙasa.

N, shi ne azot. Yana sa ganye ya yi kore shar, hatsi ya girma. In babu shi, ganyen ƙasa sai ya fara yin rawaya.

P, shi ne fosfor. Yana sa saiwa ta kama ƙasa da wuri, zangarniya ta cika. Gonakinmu na jigawa suna da ƙarancinsa ƙwarai. Akwai dutsen fosfat a ƙasar Tahoua, wanda ake niƙawa a zuba a gona.

K, shi ne potasiyom. Yana ƙarfafa kara, yana taimakon shuka ta jure fari da cuta.

Buhun 15-15-15 yana da duka ukun. Lambar farko ta N ce: cikin kilo 100 akwai kilo 15 na azot. Ta biyu ta P ce, ta uku ta K, amma su a haɗe da oksijan ake auna su.

Farin takin nan da ake kira ure, wasu su ce yuriya, azot kaɗai yake ba shuka. Molekil ɗinsa atom 8 ne, 2 daga ciki na azot. Cikin kilo 100 na ure akwai kilo 46 na azot. Babu P, babu K. Don haka ure ba ya tsayawa a madadin 15-15-15.

Abin da za mu yi a gona

1. A sa 15-15-15 lokacin shuka. Cikin murfin kwalbar lemu ɗaya, wato gram 6, ya isa rami ɗaya na gero. Kada ya taɓa iri.

2. A sa ure bayan noma, sa'ad da ƙasa ke da laima, nesa kaɗan da gindin hatsi. A rufe shi da ƙasa. In an bar shi a fili, molekil ɗinsa zai warware, azot ya koma iska mai wari ya tashi. Kuɗinku ne ke tashi.

3. A riƙa shuka wake da gyaɗa. Cikin kashi 100 na iskar da muke shaƙa, 78 azot ne, amma gero ba ya iya cin shi daga iska. A saiwar wake da gyaɗa akwai ƴan ƙulle-ƙulle. Wasu ƙananan halittu na zaune ciki, suna kama azot na iska su haɗa shi yadda shuka za ta iya ci. Gawo ma danginsu ne. Kada mu sare shi.

4. Kada a bar takin dabbobi. Shi ke riƙe ruwa da abinci cikin rairayi.

Tambayoyi

1. Atom nawa ne cikin molekil ɗaya na ruwa?
2. Wane baƙi ne alamar azot?
3. Kilo nawa na azot ke cikin buhun ure mai kilo 50? Kilo nawa ke cikin buhun 15-15-15 mai kilo 50?
4. Don mi ake rufe ure da ƙasa?

Ku yi lissafin bisa allo tare da malaminku. Wanda ya gane, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga aji ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka.