Ɓaure a Ƙasan Teku: Aikin Gina Rumbun Bayanan Halittun Ruwa

Wata safiya mai wannan rubutu ya ɗora wani jadawalin bayanai a kan taswira, sai ga kifin teku birjik a cikin ƙasar Chadi, arewa maso gabas da tafki, inda babu abin da ido ke gani sai rairayi da ƙayoyi. Kifin a gaɓar Dakar aka kamo shi. Birnin Dakar yana yamma da layin Greenwich da kimanin digiri 17, kuma a ƙa'idar rubuta lambobin wuri, duk abin da ke yamma da wannan layi sai an sa masa alamar ɗebewa a gaba. Wanda ya shigar da bayanan ya manta da wannan ɗan karan alama. Kwamfuta kuwa abin da aka ba ta shi take karantawa, ta kwashi kifin Senegal ta jibge shi a digiri 17 gabas.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Amma da bayanan sun fita duniya a haka, wani ɗalibi a wata nahiya zai iya sauke su ya gina bincike a kansu ba tare da ya taɓa leƙa taswira ba. Mutane da yawa sun ɗauka gina rumbun bayanan halittun teku a intanet aikin masu zana shafi ne, a zaɓi launi, a sa akwatin bincike, a buɗe. Wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙi. Inda gumi ke zuba shi ne wajen tabbatar da cewa kowane layi a cikin rumbun ya amsa tambaya uku daidai: wace halitta aka gani, a ina aka gan ta, kuma yaushe.

Rumbu mafi girma a wannan fanni shi ne OBIS. Ya samo asali daga gagarumin aikin ƙidayar halittun teku da aka gudanar daga 2000 zuwa 2010, wanda masana kimanin 2,700 daga ƙasashe fiye da 80 suka sa hannu a ciki, aka yi tafiye-tafiyen bincike 540. Fred Grassle na Jami'ar Rutgers a Amurka yana kan gaba cikin waɗanda suka dage cewa duk abin da aka gano a tara shi wuri guda inda kowa zai iya gani. A 2009 hukumar UNESCO mai kula da binciken teku ta karɓi rumbun, ofishinsa kuma yana garin Ostend a gaɓar Beljiyam. A yau yana ɗauke da bayanai fiye da miliyan 100, daga ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani har zuwa manyan dabbobin ruwa, kuma kowa na iya saukewa kyauta.

OBIS ba shi da jirgin ruwa, ba ya jefa raga. Rassa ne da shi fiye da 30, wasu na ƙasa, wasu na yanki, wasu na fanni. Akwai na Turai, akwai AfrOBIS mai kula da Afirka kudu da Sahara, akwai kuma wanda ke Jami'ar Duke mai tara bayanan kunkurun teku da tsuntsayen teku da dabbobin ruwa masu shayarwa. Ma'aikatan waɗannan rassa su ke karɓar jadawali daga hannun masu bincike, su tace, su gyara, su miƙa.

Tambayar farko, ta suna, ita ce mai cin lokaci. Sunan kasuwa ba ya wadatarwa, domin suna guda kan rufe nau'i biyu ko uku, kifi guda kuma kan amsa suna daban a kowace tashar masunta. Sunayen kimiyya na Latin ma ba su tsira ba. Wani ɗan dodon-koɗi da ke manne da duwatsun gaɓar Atlantika, wanda Giuseppe Olivi ya fara bayyanawa a Venis a 1792 kuma ake kira Littorina saxatilis, an gano masana daban-daban sun raɗa masa suna fiye da 100, kowa yana zaton sabuwar halitta ya samo, saboda kamannin ƙwansa na sauyawa daga gaɓa zuwa gaɓa. Rumbun da bai san cewa duk sunayen nan abu guda ne ba zai ƙirga halitta ɗaya sau ɗari.

Maganin wannan shi ne rajistar WoRMS, wadda aka buɗe a 2007 a Cibiyar Binciken Teku ta Flanders, ita ma a Ostend. Masana ɗaruruwa ke kula da ita, kowa da dangin halittun da ya ƙware a kai. Rajistar na ɗauke da nau'o'in halittun teku fiye da 240,000 da aka amince da sunayensu, ta ba kowane suna lambarsa, ta kuma ɗaure tsofaffin sunaye da wanda ake amfani da shi yanzu. Duk jadawalin da zai shiga OBIS sai an auna sunayen cikinsa da wannan rajista.

Ko da haka, sai da idon mutum. Kalmar Ficus a wajen masana tsirrai ita ce sunan dangin ɓaure da cediya da durumi da gamji. A wajen masana dabbobi kuma, Ficus sunan wani dodon-koɗin teku ne mai ƙwai da ya yi kama da ɗan ɓaure. Ƙa'idar raɗa sunan tsiro daban take da ta dabba, shi ya sa aka yi karo. Haka Morus, sunan wata bishiya ne, kuma sunan wani tsuntsun teku ne mai faɗawa ruwa daga sama ya kamo kifi. Idan aka bar manhaja ta daidaita sunaye ita kaɗai, za ta iya dasa ɓaure a zurfin mita 50 a ƙarƙashin ruwa. Mai kula da bayanai kan tsaya ya duba sauran layin, ya ga da wace raga aka kamo, ya ga dangin da aka rubuta, in abin ya faskara ya koma wa mai binciken da tambaya.

Tambayar wuri ita ma tana da nata tarko. Kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana akwai daidai inda layin Ikweta ya ƙetare layin Greenwich, wato sifili da sifili. Babu ƙasa a wurin, ruwa ne kawai, amma masu aikin taswira sun yi masa laƙabi da Tsibirin Sifili, domin duk bayanin da aka bar gurbin lambobinsa babu komai, wasu manhajoji kan cike shi da sifili, sai halittar ta bayyana a nan. Wannan da kuskuren Dakar masu sauƙin kamawa ne, tunda ana iya sa kwamfuta ta ware duk kifin da ya faɗa kan tudu ko kan sifili da sifili. Mai wahala shi ne wanda ya faɗa wani wuri daban cikin ruwa. Samfurin da aka ɗebo daura da Legas, digiri 6 da ɗoriya arewa da digiri 3 da ɗoriya gabas, in aka juya lambobin biyu zai koma kudu da bakin kogin Neja, can cikin teku mai zurfi. Babu tudun da zai tona asirin kuskuren. Sai an gwada zurfin da aka rubuta da ainihin zurfin wurin, ko an bi sawun jirgin rana bayan rana, sannan a gane.

Kwanan wata ma haka. Wanda ya rubuta 03/04 a Amurka yana nufin 4 ga Maris, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu ne. Ga mai binciken lokacin da kifi ke zuba ƙwai, wata guda ba ƙaramin bambanci ba ne. Shi ya sa rumbunan suka tsaya a kan tsari guda: shekara, wata, rana.

Domin dubban cibiyoyi su fahimci juna, ana amfani da wani ma'auni mai suna Darwin Core, wanda aka amince da shi a 2009. Jerin kanun jadawali ne da kowa ya yarda da ma'anarsu: gurbin suna, gurbin wuri, gurbin zurfi, gurbin wanda ya gani, da gurbin yadda aka gani, da ido ne ko da raga ko da na'ura. Cibiya kan ɗora jadawalinta a wata manhaja mai suna IPT, wadda GBIF, rumbun bayanan halittun duniya da ke Kopenhagen, ya samar. Daga nan OBIS ke ɗebowa. Bayanan suna nan a hannun mai su, duk ranar da ya gyara wani abu, gyaran zai bi ya isa babban rumbu.

Amfanin wannan wahala yana fitowa ne idan bayanai suka daɗe kuma suka haɗu. Tun 1931 jiragen kasuwanci ke jan wata na'ura da Alister Hardy ya ƙera a Ingila, mai tace ƙananan halittu masu shawagi a ruwa a kan ƙyallen siliki. Da aka jera bayanan shekara da shekaru, sai aka ga wasu nau'o'in da suka fi son ruwan ɗumi sun matsa arewa da kimanin digiri 10 a arewa maso gabashin Atlantika cikin kusan shekara 40. Waɗannan ƙananan halittu su ne abincin kifi, har da irin kifin ƙanƙara da ake shigo da shi daga can ana sayarwa a kasuwannin Kano da Kaduna. Haka aka bi sawun wani kifi mai ƙayoyi masu dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda aka fara gani a Florida a 1985 ya kuma mamaye ruwan Karibiyan. Taswirar yaɗuwarsa daga ɗaiɗaikun rahotannin masu nitso da masunta aka haɗa ta.

Manyan shawarwarin duniya ma a kan irin waɗannan bayanai suke tsayawa. A Disambar 2022 ƙasashe suka amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030, a Yunin 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare halittun tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa. Masu zaɓen wuraren da za a keɓe taswira suke buɗewa.

A nan ne abin ke damun mai wannan rubutu. Wanda ya buɗe taswirar OBIS zai ga gaɓar Turai da Arewacin Amurka da Ostareliya sun cika maƙil da ɗigo, ruwan Afirka ta Yamma kuwa jefi-jefi. Tekun da matsakaicin zurfinsa ya kai kusan mita 3,700, mafi yawan abin da aka rubuta a kansa daga saman ruwa ne da kusa da gaɓa. Taswirar tana nuna inda aka duba kuma aka wallafa. Wurin da ya fito fayau yana iya zama cike da halittu, amma a teburin yanke shawara ba shi da mai yi masa magana.

Kuma an yi bincike a wannan yanki. An yi babban binciken jan raga na gaɓar Gini a 1963 da 1964. Jirgin bincike Dr Fridtjof Nansen, na haɗin gwiwar Norway da hukumar abinci ta FAO, ya fara aiki tun 1975 kuma ya sha zagaya gaɓar Afirka. A 1975 ɗin ne kuma aka kafa cibiyar binciken teku ta Nijeriya a Legas. Jami'o'in da ke bakin gaɓa suna yaye ɗaliban da suka auna kifi da ƙaguwa da jatan-lande kowace shekara. Da yawa daga cikin irin wannan aiki yana kwance a kundin digiri, ko a littafin rubutu, ko a kwamfutar mutum guda.

Mai wannan rubutu ya taɓa shiga wani ɗakin ajiya neman littattafan wani dattijon masani da ya yi ritaya, wanda ya shafe rayuwarsa yana rubuta abin da masunta ke saukewa a bakin ruwa. Rufin ɗakin yana yoyo, gara ta shiga kwalaye. Littattafan da ke sama sun tsira, aka zauna da ɗalibai aka kwafe su layi-layi. Na ƙasa sun zama ƙasa. Babu kuɗin da zai mayar da mutum tekun waccan shekara ya sake ƙirga kifin.

Masu riƙe bayanai suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Wani yana tsoron a riga shi wallafa sakamakon wahalarsa. Wani ya taɓa ganin baƙi sun zo sun kwashi samfuri sun buga takarda babu sunansa. Wani kuma yana gudun kada ya nuna wa mafarauta gaɓar da kunkuru ke binne ƙwai. Kowanne akwai tanadin da aka yi masa. Mai bincike na iya riƙe jadawalinsa har ya gama wallafa takardarsa sannan ya saki. Kowane kundin bayanai na iya samun lambarsa ta dindindin mai ɗauke da sunan masu shi, kuma akwai lasisin da ke wajabta wa duk wanda ya yi amfani da shi ya ambace su. Halittun da ke cikin haɗari kuwa ana faɗaɗa lambobin wurinsu yadda za a san yankin ba tare da an san daidai gurbin ba.

Abin da ma'aikatan rassa ke roƙo daga malamai da ɗalibai bai taka kara ya karya ba. A rubuta lambobin wuri tun ana cikin kwale-kwale, wayar hannu ma tana bayarwa. A rubuta zurfi da irin ragar da aka jefa. A ɗauki hoton duk abin da ake shakkar sunansa, a ajiye sunan da masunta suka faɗa a gurbinsa daban. Inda aka jefa raga ba a samu nau'in da ake nema ba, shi ma a rubuta, domin rashin samu bayani ne. Sashen da ke da tsofaffin kundaye a ɗakin ajiya ya fara da ɗaukar hoton shafukan kafin damina ta gaba, sannan ya rubuta wa reshen OBIS mafi kusa ya nemi a nuna masa yadda ake jera su.