Maganar Mutanen Cikin Labari: Darasi Ga Malaman Firamare

A yawancin makarantun firamare na Minna, ajin farko yakan haɗa yaron da ke jin Gwari a gida, da mai jin Nufanci, da mai jin Hausa. Tun da aka soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976, shekarar da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja, irin wannan aji ya yawaita. Yaron da bai gane wanda ke magana a cikin labari ba, hankalinsa yakan bar littafi, kuma wanda ya ƙi karatu tun yana ƙarami da wuya ya so shi daga baya. Saboda haka lalle malami ya san yadda ake tsara maganar mutanen labari.

Lokaci biyu a labari ɗaya

Mai ba da labari yana faɗin abin da ya riga ya wuce, don haka yakan yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci: ya tashi, ta tafi, suka isa. Amma mutanen cikin labari ba su san abin ya wuce ba, a wurinsu yanzu yake aukuwa. Saboda haka idan suna faɗin halin da suke ciki, maganarsu takan zo da lokaci mai ci: ina, kana, muna. Alal misali:

Gizo ya dawo daga gona, ya tarar da Ƙoƙi a bakin murhu. Ya ce, "Me kike dafawa? Yunwa nake ji!"

A nan "ya dawo" da "ya tarar" muryar mai labari ce, "kike" da "nake" kuwa muryar Gizo. Da wannan bambanci kunnen yaro yake rarrabe su, ko da bai iya alamomin rubutu ba tukuna.

Kuskuren masu fassara

A Turanci, idan an ba da rahoton maganar wani, akan mai da aikatau baya. Hausa ba ta yin haka. Bahaushe cewa yake yi, "Ya ce yana jin yunwa." Masu bin Turanci sau da ƙafa su ne ke rubuta "ya ce ya kasance yana jin yunwa", maganar da ba a jinta a gida ko a kasuwa. Irin wannan tana gajiyar da yaro, tana kuma koya masa gurɓatacciyar Hausa.

Abin koyi daga magabata

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya gina Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, bisa bakin aku mai ba da labari, ya kuma bar sarakuna da barori da dabbobi su yi magana da bakinsu. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna a 1921, ya rubuta wa matasa The Passport of Mallam Ilia, wanda ya fito a 1960, inda Malam Iliya da kansa yake ba da labarinsa. Kafin su duka, kakanni mata suna sauya murya a tatsuniya, har su kwaikwayi tsamin bakin Gizo.

Abin da ya kamata a yi

1. A ba kowane mai magana sabon layi, a kuma sa maganarsa cikin alamar zance.
2. A taƙaita magana yadda yaro zai karanta ta da numfashi ɗaya.
3. A karanta da babbar murya kafin a kai aji. Jimlar da ta yi wa harshe nauyi a sake ta.
4. A raba wa yara sunayen mutanen labari, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran su faɗi maganganun.

Yaron da ya ce "Yunwa nake ji" a madadin Gizo yau, gobe zai iya faɗa wa malaminsa abin da ke damunsa da Hausa mai kyau. Ana roƙon shugabannin makarantu su keɓe lokaci kowane mako domin wannan darasi.