Darasin Lafiya: Masu Gadin Da Ke Cikin Jininki

Kin san funfunar nan da kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu? To, tana da dangi da ke zaune a jikin ɗan Adam. Ɗaya daga cikinsu ita ce kandida, mai sa farin abu a harshen jariri da ƙaiƙayin gaba ga mata. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a baki da hanji lafiya lau. Haɗarin yana zuwa ne in ta samu hanyar shiga jini.

Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin da ke yaƙarta, amma fa ba su kaɗai suke aikin ba. Ruwan jini na ɗauke da sinadaran furotin, akasarinsu hanta ce ke yin su. Akwai wanda likitoci ke kira C3. Da ya ci karo da funfuna sai wani gutsurensa ya manne mata, kamar an shafa wa ɓarawo shuni a kasuwa, sojojin su gane ta su haɗiye.

Wanda ya fi burge ni shi ne tiransifarin. Funfuna ba ta girma sai da sinadarin ƙarfe, shi kuwa wannan furotin sai ya riƙe ƙarfen jini gam, kamar uwargida ta kulle rumbu ta soke mabuɗi a zane. Amma idan ciwon suga ya yi tsanani har jini ya yi tsami, riƙon sai ya yi sako-sako, baƙuwa ta samu abinci.

An ga irin wannan a Indiya a 2021. Sama da mutum 40,000 suka kamu da cutar baƙar funfuna, wadda ake shaƙa daga ƙasa da ruɓaɓɓun abubuwa. Yawancinsu masu ciwon suga ne da aka ba maganin sitiroyid saboda korona. Wasu sai da aka cire musu ido kafin a ceto ransu.

Ina so ki lura da nan wurin. Deksametason, wato “dekza” da wasu matanmu ke saya a kemis don su yi ƙiba, yana cikin waɗannan magunguna. Yana ɗaga suga, yana kuma kashe wa sojojin jiki ƙarfi. Wallahi kumatun da yake kawowa kumburi ne, ba lafiya ba. In kin daɗe kina sha, kada ki daina lokaci guda, don shi ma da haɗarinsa. Ki je asibiti a auna miki suga, likita ya rage miki shi sannu a hankali.