Faɗuwar Gaba a Ingila: Ga Sabbin Zuwa daga Wurno, Rabah da Goronyo

An gaya muku zancen sanyi da tsadar haya, amma da wuya a ce wani ya gaya muku cewa fargaba tana biyo mutum har nan. Wanda ya san harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, ko ya ga mutanen Tabanni sun kwararo Gandi a 2018, jikinsa ya saba da zama cikin shiri. A gida wannan shirin ya ceci rayuka. A nan kuwa ƙarar babur, ko kiran waya daga gida da tsakar dare, sai gaba ya faɗi, zufa ta karyo, numfashi ya sarƙe. Ku san da daren 5 ga Nuwamba: ana wasan wuta ko'ina, ƙararsa kamar harbi.

Idan abin ya ɗauki makonni yana hana barci, ko aiki, ko fita, to ya zama ciwo, kuma yana da magani. Mu da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankalinmu ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, mu ce hauka. Wannan tunanin ya sa mutane da yawa suna ta haƙuri da wahalar da take warkewa. Ku riƙe addu'a da azkar, ku kuma je asibiti.

Ku fara yin rajista da likitan unguwa, wato GP, kyauta ne. Zai duba ko wani ciwon ne ke sa zuciya bugawa. Daga nan mai shekara 18 zuwa sama yana iya neman jinya ta hanyar tattaunawa, wato NHS Talking Therapies, da kansa ta intanet. Za a yi masa 'yan tambayoyi kan makonni biyun da suka wuce, kuma akan jira layi.

Hanyar da aka fi bi ita ce CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Misali, waya ta yi ƙara, zuciyarka ta ce an sace wani. Mai ba da shawara zai zauna da kai ku bi tunanin nan: sau nawa ya tabbata? Me kake gujewa saboda shi? Sannu a hankali ka koma ɗaukar wayar, ka koma shiga kasuwa. Ba zai ce maka gida lafiya lau ba, domin 'yan bindiga gaskiya ne.

Mace tana iya neman a haɗa ta da mace mai ba da shawara. Ku nemi tafinta, kyauta ne, kada ku sa ɗanku ko ɗan garinku ya fassara muku sirrinku. Ciwon ƙirji mai tsanani, a kira 999. Idan tunanin kashe kai ya zo, ƙungiyar Samaritans tana amsa waya a 116 123 dare da rana.