Darasin Adabi: Alƙawari a Ƙasar Aljanu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, wannan makon mun ɗauko littafin The Cruel Prince na Holly Black, marubuciya 'yar Amurka, wanda ya fito a 2018. Shi ne na farko cikin jerin littattafai uku. Ƙagaggen labari ne da ke faruwa a Elfhame, masarautar aljanu irin na tatsuniyoyin Turawa.

Doka ɗaya ce ta riƙe labarin: aljanun nan ba sa iya yin ƙarya, kuma rantsuwa tana ɗaure su. Amma kada mu ɗauka amintattu ne. Sukan faɗi rabin gaskiya su haɗiye rabi. Duk mai ƙulla yarjejeniya da su sai ya auna kowace kalma.

Tauraruwar labarin, Jude, 'yar'adam ce. Tana da shekara 7 Madoc, babban hafsan yaƙin masarautar, ya kashe iyayenta, ya tafi da ita gidansa, ya raine ta, ya koya mata riƙe takobi. Uba ne a wajenta, kuma shi ne ya mayar da ita marainiya. Ga kuma Yarima Cardan da ke wulaƙanta ta a makaranta, amma a hankali ƙiyayyarsu ta fara juyewa zuwa so.

Da Jude ta gano Madoc zai naɗa ƙaninta Oak, yaro ƙarami, don ya yi mulki ta bayansa, sai ta sa Cardan ya rantse zai bi umarninta shekara ɗaya da kwana ɗaya. Ba ta gaya masa cewa shi za a ɗora wa kambin sarauta ba, alhali ba ya so. Ta ceci ƙaninta, amma ta juya wa mariƙinta baya, ta kuma yaudari wanda zuciyarta ke so.

Mu masu koyon rubutu, abin lura shi ne: marubuciyar ta kafa doka tun farko, ba ta karya ta ba, sannan kowane zaɓi sai da Jude ta biya farashinsa. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne.

Tambayarmu ta mako: wanda ya ɓoye gaskiya bai furta ƙarya ba, ya ci amana ko bai ci ba? A kawo amsa ga ƙungiyarmu kafin Juma'a, za mu liƙa mafi ma'ana a wannan allo.