Darasi na 9: Yaron da ya ji rauni wajen haihuwa da maganar diyya

Iyayena da 'yan uwana mata, darasin yau ya shafi yaran nan da wasu ke ce wa 'yan ruwa. Kusan duk ƙauyen da nake zagayawa akwai irinsu: yaro ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, bai zauna ba, gaɓoɓinsa a sandare ko a sake, yawu na zuba. Ba aljani ne ya musanya shi ba, ba maita ba ce, kuma ba a ɗauka a jikinsa. Rauni ne ƙwaƙwalwarsa ta samu tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. Raunin ba ya ƙaruwa, amma in ba a motsa gaɓoɓin za su ƙara ƙagewa. Shi ya sa ake kai su gashin ƙashi a asibiti, kuma da yawansu hankalinsu lafiya lau yake.

A wajenmu abu biyu ne suka fi jawo shi. Na farko doguwar naƙuda, jariri ya galabaita, iska ta kasa isa ƙwaƙwalwarsa, ya faɗo bai yi kuka ba. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta zaman gida ba ce. Na biyu shawara mai tsanani a makon farko. In idon jariri ko jikinsa ya yi ɗorawa, shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba magani ba ne, a asibiti ake sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Ku kuma raba kayan jariri da kafur, yana tayar wa wasu jarirai da shawara.

To, ina maganar diyya ta shigo? A nan nake so mu natsu. Ba duk yaron da ya samu wannan lalura ne aka yi wa sakaci ba. Wani an makara ne a gida ana jiran izinin maigida ko abin hawa, wani kuma ma'aikata sun yi iya yinsu Allah ya ƙaddara. Sakaci shi ne ma'aikaci ya bar abin da duk ƙwararre a matsayinsa zai yi, kuma barin nan ne ya jawo raunin. Misali mace ta kwana tana naƙuda a asibiti ba wanda ya saurari bugun zuciyar jariri, ko a ga haihuwa ta gagara a ƙi tura ta babban asibiti, ko a ce sai an biya kafin a taɓa ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai neman agajin gaggawa bisa kowane dalili.

Na san abin da wasunku za su ce: ƙaddara ce, a bar wa Allah. Mun yarda da ƙaddara. Amma in mota ta take akuyarki ai sai an zauna an biya, ba wanda zai ce kin ja da Allah. Yaron nan zai buƙaci magani, da keken zama, da mai kula da shi har girmansa, kuma galibi uwar ce ke ajiye sana'arta.

Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Ƙorafi a kan likita ana kai shi Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, a kan nas ko ungozomar asibiti kuma Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma. Waɗannan suna hukunta ma'aikaci, har su iya ƙwace lasisinsa, amma ba sa ba da kuɗi. Diyya sai kotu, ko sulhu a rubuce. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ofishin Hukumar Tallafin Shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kada a ja lokaci, doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, kuma in asibitin gwamnati ne wa'adin kan yi gajarta ƙwarai. Shari'ar ma takan ɗauki shekaru, sai wani likita ya duba fayil ya ba da shaida, don haka ba zan yi muku alkawarin nasara ba.

Abin da ke hannunmu shi ne takarda. Katin awo, rasit, takardar sallama, hoton ciki, kada ko ɗaya ya zama abin ƙunshe ƙosai. Wadda ta raka mai naƙuda ta riƙe lokacin da suka isa, lokacin da aka fara duba ta, lokacin da ta haihu, da ko jaririn ya yi kuka. In ba ta iya rubutu ba, ta faɗa wa magatakardar ƙungiya ta rubuta tun ba a manta ba. Kada kuma kowa ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba.

Kafin a rufe akwati yau, ku tattauna nawa za a ware daga asusun taimakon juna don kuɗin motar mai naƙuda, kuma wa zai riƙe lambar direba. Ku duba ko uwar da ke kai ɗanta gashin ƙashi za ta iya samun kuɗin mota daga asusun. Abin da kuka yanke, magatakarda ta shigar da shi cikin littafin dokokin ƙungiya.