Kunne Kafin Yatsa

Ɗana, na ji burinka shi ne ka zama gwanin biyolin, gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu, ka tsaya kai kaɗai a dandali ana tafa maka. Allah ya sa albarka. Amma kafin ka yi nisa, ina so ka san labarin Norbert Brainin.

An haife shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1923. Bayahude ne, don haka da sojojin Hitila suka mamaye ƙasar a 1938 sai ya tsere zuwa Ingila. Can ma bai sha da daɗi ba. Da yaƙi ya yi tsanani, hukuma ta tsare 'yan gudun hijira irinsa a sansanoni, tana ganinsu mutanen ƙasar abokan gaba. A wannan zaman ƙunci ne hanya ta haɗa shi da Peter Schidlof, shi kuma Schidlof ya san Siegmund Nissel, dukansu samari masu goga biyolin daga Biyana. Da aka sake su, wani malami mai suna Max Rostal ya karɓe su yana koyar da su ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Brainin ya ci gasar biyolin ta Carl Flesch a 1946, kuma da ya so, da ya kama hanyar yin suna shi kaɗai. Sai ya zaɓi kiɗan mutum huɗu: biyolin biyu, da biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, da babbar cello da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. To, ga masu biyolin uku, gurbi biyu. Schidlof ne ya haƙura ya koma biyola, kuma wannan haƙurin nasa ya fi burge ni a duk labarin. Suka jawo Martin Lovett mai cello, suka kafa ƙungiyar Amadeus a 1947, suka yi babban wasansu na farko a zauren Wigmore da ke Landan a Janairun 1948.

Ka lura da yadda aikin yake. Wuyan biyolin ba shi da alamar inda za ka ɗora yatsa. Ka goce kaɗan, sautin ya karkace, kuma kunnenka ne kawai zai faɗa maka. Sannan a kiɗan mutum huɗu babu jagora mai sanda a gaba. Mai biyolin na farko zai ja numfashi ya ɗaga izgarsa, sauran ukun su shigo tare da shi a ƙiftawar ido. Can gaba waƙar za ta koma hannun mai cello, dole gwanin ya sassauta, ya zama mai rakiya. Wanda bai iya yin ƙasa da sautinsa ba, ko ya fi kowa saurin yatsa, ɓata kiɗan zai yi.

Kada ka ɗauka zaman lafiya lau 'yan Amadeus suka yi. An san su da zazzafar gardama a wajen gwaji, a kan abin da bai wuce saurin jimla ɗaya ta kiɗan Beethoven ko Schubert ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma shekara 40 suka yi ba a sauya ko mutum ɗaya ba. Marubucin kiɗa Benjamin Britten ya rubuta musu kiɗansa na uku na mutum huɗu, suka fara gabatar da shi a Disambar 1976, jim kaɗan bayan rasuwarsa. Da Schidlof ya rasu a 1987, sauran ukun suka ƙi neman magaji, suka rufe ƙungiyar, suka mai da hankali ga koyar da matasa.

Saboda haka, ɗana, ci gaba da gwajinka na kullum, kada ka fasa. Amma a makon nan ka nemi abokai uku ku zauna tare, kuma a zaman farko ka roƙi a ba ka biyolin na biyu.